Laifin da Aka Ɗora wa Auta

An ƙwace wa Injiniya aikinta a gaban mutane, wai kwamfutarta ce ke lalata hotunan littafi. Manajan maɗaba'ar ne ya faɗa da bakinsa, marubucin littafin yana zaune, sakatariya tana tsaye, masu injin bugu sun leƙo ta ƙofa suna ji. Ya ce abin da aka harhaɗa a ɗaki da tarkacen bola ba kwamfuta ba ne, kuma ba zai ƙara tura mata ko shafi ɗaya ba. Washegari ya rubuta hakan a takarda, ya sa hannu, ya aika mata har gida. Matar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana tsara musu littattafai, ba a taɓa dawo mata da aiki don ta yi kuskure ba.

Ba injiniya ba ce, sakandare kawai ta gama. Maigidanta ne ya laƙaba mata sunan don tsokana, sunan ya bi ta, har 'ya'yan da ta haifa suka koma kiranta da shi. Da tafireta ta fara aiki, a wani ofishi da ya daɗe da rufewa. Lokacin da ofisoshi suka soma zubar da tsofaffin kwamfutoci, ta roƙi wata matacciya ta kawo gida, ta kwance ta a kan teburin cin abinci, ta zuba ƙusoshinta a gwangwanin madara. Ta riƙa zama a rumfar masu gyara tana jero musu tambayoyi har su gaji su ce ta je gida ta huta. Ba ta huta ba. Shekara shida da suka wuce, bayan ƙaramin ɗanta ya tafi makarantar kwana, ta haɗa tata da hannunta, kowane ƙarfe ita ta zaɓe shi, kowace waya ita ta ɗaure. Yaran suka ce ai Mama ta sake haihuwa, suka raɗa wa kwamfutar suna Auta. Har riga ta ɗinka mata saboda ƙura.

Littafin da ya jawo maganar na kimiyya ne, na 'yan firamare, cike da zane-zanen da aka yi da hannu. A maɗaba'a ake ɗaukar hoton kowane zane da sikana, a turo mata ta imel, manyan kuma a ba ta inda za ta sauke su, ita ta jera su da rubutu shafi-shafi. Ƙananan fayiloli suna zuwa lafiya lau. Manyan ne matsalar. Wani ya ƙi buɗewa sam, wani ya buɗe rabi. Akwai zanen kifi da ya fi ci mata rai: daga kai zuwa fiffike garau, daga nan zuwa wutsiya toka-toka kamar an shafe da siminti. Ta kira ta faɗa musu tun ranar farko, ta sake kira. Ladan da ta samu ke nan, aka tara mata jama'a aka ci mutuncinta.

Abin takaicin shi ne ita ma ta so ta yarda da su. Ta dawo gida ta zauna gaban Auta ta zuba mata ido, tana tunanin ko dai da gaske akwai inda ta yi ganganci. Da safe ta cire murfin gefe. Maigidan ya zo wucewa da kofin shayinsa ya tsaya.

"Injiniya, yau ma tiyata za a yi wa 'yar autar? A dai yi mata allurar barci."

"Malam, ka wuce da shayinka kada ka zubo mata a ciki."

Ta san memori, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, idan ya lalace yakan yi irin wannan ɓarnar, ya bar ƙananan fayiloli ya cinye manya, don haka da shi ta fara. Sanduna biyu ne. Ta cire ɗaya ta sa gwaji daga hantsi har la'asar, washegari ta musanya ta sake. Ba a sami ko kuskure ɗaya ba. Ta canza wayar intanet, ta canza ramin da take soka ta. Ta kashe manhajar kariya ta gwada, ta kunna ta gwada. Ta ciro faifan ajiya ta sa wani da ta daɗe da adanawa a akwati, ta zuba komai sabo. A garin haka gefen ƙarfe ya yanke ta a babban yatsa, ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Ta shiga wasu wuraren a intanet ta sauke fayilolin da suka ninka na maɗaba'a girma sau goma, duk suka buɗe sumul. Ta koma kan kifin, kifi yana nan da rabin jiki. Kwana tara ta yi a haka, mace mai ciwon baya, tana durƙushe tana neman ciwo a jikin mai lafiya.

A rana ta goma babbar 'yarta ta zo gaishe su, da kwamfutar wurin aikinta a jaka, sabuwa fil, ta kamfani, ba wanda ya taɓa kwance mata ƙusa. Injiniya ta ce ta ara mata minti biyar. Ta buɗe imel ɗinta a ciki, ta sauke zanen kifin, ta jera fuskokin kwamfutocin biyu gefe da gefe. Daga kai zuwa fiffike garau, daga nan toka-toka, a daidai layin nan, ko gashi bai bambanta ba. Ta duba nauyin fayil ɗin a nan da can, ɗaya ne. Ta ce wa 'yar, in da ciwon a cikin Auta yake, ba zai riƙa cizo a wuri ɗaya kullum ba, kuma ba zai bi ta har cikin kwamfutar wani ba. A lalace ake turo kifin tun daga can.

Ta ɗauki wata tsohuwar jakar takardun maɗaba'ar ta tafi can, ta ce za ta mayar musu. Manaja yana waya, ya ɗaga mata hannu kawai. Ta wuce ɗakin baya inda sikana take, ta ja kujera kusa da sakatariya, mace mai sanyin hali da suka daɗe suna gaisawa. Ta ce ta nuna mata yadda suke yi tun daga farko. Ashe kwamfutar sikana ba ta da intanet, sai an kwashe hotunan a filashi, ɗan ƙaramin ma'ajin fayil da ake sokawa a jikin kwamfuta, an kai kwamfutar gaba a tura. Filashin kuma ɗaya ne tak a duk maɗaba'ar. An taɓa ɓatar da guda uku, manaja ya yi rantsuwa ba za a ɓatar da na huɗu ba, ya ɗaure shi a zobe ɗaya da makullin motarsa. Ga shi nan soke a jikin kwamfuta, makullai suna reto, 'yar fitilarsa tana ƙyaftawa, ana cikin kwashe wani babban zane.

Ba a yi minti uku ba sai ga manaja ya faɗo ɗakin, waya a kunne, zai je karɓo takarda. Bai dubi allo ba, bai dubi kowa ba. Ya miƙa hannu ya fizge makullansa ya fita.

Injiniya ta juya ta kalli sakatariya. Sakatariya ta sunkuyar da kai. Ta ce haka yake yi, a rana sai ya fita sau biyar, in ya dawo ya jefo mata makullan, ita kuma in ta ga sunan fayil ya fito a filashin sai ta ɗauka ya gama shiga, ta kai gaba ta tura. Ƙananan kafin ya shigo sun gama. Manyan ne yake yankewa a tsakiya.

Ta jira shi har ya dawo. Ta sa aka buɗe kifin daga filashin, a kan tasu kwamfutar, a gaban idonsa. Rabin kifi. Ta sa aka buɗe na asali a kwamfutar sikana. Kifi har wutsiya.

"Yallaɓai, ga mai lalata muku hotuna nan a aljihunka."

Ya daɗe yana juya makullan a hannu. Sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "To Mama, ai an gano, shi ke nan. A bar maganar haka."

A bar maganar! Da yamma ya sa aka ɓalle filashin daga zoben a ɓoye, ya kuma yi wa sakatariya faɗa wai me ya sa ba ta taɓa gaya masa ba, alhali kowa ya san mai gaya masa gaskiya a wurin nan ba ya kwana da daɗi. Littafin yana hannun wani da aka ba bayan an kore ta. Marubucin har yau ya ɗauka wata tsohuwa ce da tarkacenta ta ɓata masa mako uku. Wata maɗaba'ar da ke ƙarshen titi, wadda takan kawo mata ƙananan ayyuka, ta yi ɗif tun da labarin ya zaga. Takardar nan kuwa tana nan, Injiniya ta ajiye ta ƙarƙashin gwangwanin ƙusoshi, ba ta yaga ba. Ta mayar wa Auta murfinta da rigarta. Maigidan da ya saba tsokana, ranar shi ya riƙe mata sukudireba tana ɗaurewa.

Ba ta nemi a yi mata kuka ba, kuma ba ban haƙuri a bayan fage take so ba. Abin da take so shi ne, a ɗakin da aka tara mutane aka kira aikinta bola, a nan a sake tara su: marubucin, sakatariya, da masu injin da suka leƙo ta ƙofa. Manaja ya tsaya ya ce hannunsa ne ya yi ɓarnar. Ya rubuta wata takardar da ta soke ta farko, ya sa hannu kamar yadda ya sa a waccan, ya aika kwafi maɗaba'ar ƙarshen titi. Sannan a mayar wa Injiniya littafinta ta ƙarasa.