Ban Kwanan Da Na Yi Ban Tafi Ba

Shekarar da na gama digiri na biyu a kimiyyar fiziya, na nemi gurbin digirin dokta a wata jami'a ta ƙasar waje, wurin masu binciken kwamfutar kwantam, wato na'urar lissafi da ke aiki da ɗabi'ar ƙwayar zarra. Sun yi mini tambayoyi ta waya, ina tsaye bakin magudanar ruwan Bakolori, don can ne sabis ba ya yankewa. Suka ce ina cikin waɗanda ake dubawa. Iyakar abin da suka ce ke nan.

Da na gaya wa kawuna, na sa "wataƙila" da "in Allah ya so" a kowace jimla. Ina jin ya ɗauke su ladabi ne kawai. Washegari ya goyo ni a babur, wai ba a tafiya mai nisa ba a sallami manya ba. Muka zaga garinmu Mafara gida-gida, muka wuce Bakura. Ko'ina sai in ce, "Ai abin bai tabbata ba tukuna," a amsa da "Madalla," a ɗaga hannu a yi addu'a.

A Damri muka sami gwaggona, yayar mahaifina, wadda tsufa ya hana fita. Ta tambayi tsawon karatun, na gaya mata, sannan ta riƙe hannuna ta ce in yafe mata, don ba ta jin zan tarar da ita. Ta yi kuka. Ni ma na yi.

Ba su ɗauke ni ba. Ban ce sun yi kuskure ba; mai yiwuwa akwai waɗanda suka fi ni.

Na daina fita. Sallah ma sai sahun baya, in sulale kafin a juyo. Ranar Talata, da hayaniyar kasuwa ta taso, ina ɗaki kamar mai jego. Kowa zan iya jure wa idonsa, ban da gwaggo. Ina tunanin yaya zan tsaya gaban wadda ta riga ta sallame ni har lahira.

Da kaka ta yi, mahaifina ya ɗora mini buhun shinkafar da yake ba gwaggo ya ce in kai mata, bai bar mini ƙofar magana ba. Na yi sallama, na durƙusa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ina ƙara tambayar gida don kada ta ƙare.

"Ashe ƙasar tasu ba ta da nisa," in ji ta.

"Gwaggo, ban tafi ba. Ba su ɗauke ni ba."

"Na jiya tun da daɗewa, ɗan nema. Shi as sa ka ɓoye mini ƙahwa?"

Na sunkuyar da kai. Na ce ina tunanin sake nema baɗi, in hali ya yi.

"Nemi abinka. Amma kukan nan na riga na yi shi, ba ni sakewa. Randa ka tashi, kama hanya kawai. Yanzu jawo buhun ga ciki, kaji na kallo nai."