Jarkar Taki Daga Salford Zuwa Sparkbrook

Salford

Ana idar da sallar asuba na fito, niƙi-niƙi da jarka a cikin jakar bakko. Takin ruwa ne a ciki: kayan cikin kifi da na roƙo a wani shago a unguwar Rusholme, da ciyawar teku, na jiƙa suka yi ta tsima.

Hajiya Zinatu zan kai wa a unguwar Sparkbrook ta Birmingham, tsohuwa 'yar Kumasi wadda ta riƙe ni kamar ɗa lokacin da na zo karatu. Council, wato hukumar garin, ta gargaɗe ta cewa 'yar gonar da take haya ta lalace. In suka dawo dubawa ba ta gyaru ba, wani za a ba. Tun da aka zaftare tallafin gwamnati, daga gonar nan miyar jikokinta ke fitowa.

Kan hanya

A tashar Manchester direban bas ya harari jakar.

"Me ke ciki?"

"Abincin shuka ne, yallaɓai."

Ya ƙyale ni, na cusa ta tsakanin ƙafafuna.

Ashe na tafka wauta. Leda na ɗora a bakin jarkar na murɗe murfin tamau, yadda innarmu ke yi wa man gyaɗa. Ni mai karatun noma! Na manta abin da ke tsima iska yake fitarwa, ga na'urar ɗumama bas tana hura shi. Kafin mu kai garin Stoke jarka ta kumbura tim. In ta fashe, gonar Hajiya ta tafi.

Na sassauta murfin kaɗan. Fiii! Wayyo Allah, wari! Baturiyar da ke kusa da ni ta toshe hanci ta canza kujera.

"Duk mai wannan abin, zan sauke shi!" in ji direba.

Na cire rigar sanyina na lulluɓe jarkar, na rungume ta ina salati, haƙorana na kaɗawa har Birmingham.

Sparkbrook

A bakin gonar na tarar da Hajiya. Yakuwa da alayyafo duk sun yi rawaya, tausayinta ya kama ni.

Ta shinshina jarkar. "Ɗana, wannan bala'in ne zai cece ni?"

"In Allah ya yarda, Hajiya."

Muka sirka da ruwa, muka bi kunya-kunya muna zubawa.

Gida

Bayan la'asar na iso Salford lafiya, alhamdulillahi. Matata ta tare ƙofa, ta ce sai dai rigar ta kwana a waje.

Da wata ya zagayo Hajiya ta kira.

"'Yan Council sun zo, ɗana. Matar da ke cikinsu ta duba, ta duba, sannan ta ce in sam mata ganye."