Gaisuwar da na yi a kan keke

Har yanzu in na sa hijabi sai na zura yatsu biyu tsakanin bakinsa da maƙogwarona. Ko salla zan tayar sai na yi haka. Inna ta lura, kawai dai ta kwashi hijabaina ta kai wa tela ya ƙara musu faɗin wuya. Duk da haka hannun bai daina zuwa wurin ba.

Yayana ne ya kawo mini keken a shekarar da na gama sakandare. Yana karatu a Zariya, can ya shiga cikin masu hawan keke don motsa jiki, har da hular kwano da safar hannu. Ya dawo hutu ya tarar da ni zaune a ɗaki ina jiran sakamakon jarrabawa, ba na cin abinci sosai, ba na magana. Da zai sake dawowa sai ga shi da keken gwanjo shuɗi, mai giyar canja gudu, mara nauyi, hannu ɗaya ma yana ɗaga shi. Na iya keke tun ina ƙarama a kan tsohon keken Baba, amma wannan daban yake. Taɓa feda kaɗan, sai ka ji kamar wani ne yake tura ka ta baya.

A ƙauyenmu, can gefen Tudun Wada ta hanyar Doguwa, keke na kai niƙa ne da ɗauko taki. Ranar da na fara fita, wata maƙwabciyarmu ta tare ni a bakin rijiya.

“'Yar nan, ina aka aike ki da sassafe haka?”

Na ce, “Ba ko'ina, Gwaggo. Zagayawa kawai zan yi in dawo.”

Ta dube ni ta dubi keken. “To in kin isa ba-ko'inan ki gaishe su.”

Baba bai hana ba, amma ya kafa sharuɗɗa. Kada in fita sai gari ya waye sarai, in dawo kafin rana ta yi zafi. Ban da shiga kasuwa. Hijabi har ƙasa. Kuma duk babban da na gani a hanya in gaishe shi yadda aka koya mini. Wannan na ƙarshe saboda Baffa ne, yayan Baba, wanda ya riƙe shi tun bayan rasuwar mahaifinsu. A gidanmu in Baffa ya yi magana an gama. Shi bai ce a karɓe keken ba. Cewa ya yi, “Ku zuba ido dai. Ranar da za ta wuce babba tana kaɗa ƙafa ba gaisuwa tana nan tafe. A ranar zan zo in ɗauke shi da kaina.”

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji, domin keken shi ne abin da nake tashi dominsa. Da na bar gidajen ƙarshe na hau kwalta, iska ta shiga cikin hijabin, sai in manta da jarrabawa, in manta da komai. Gonakin dawa dama da hagu, duwatsun Doguwa can nesa, wani lokaci in tsaya shanu su gama tsallaka titi, matan ruga masu bin shanun su yi ta yi mini dariya suna nuna ni da baki.

Na samo dabarar hijabin da kaina. Kafin in hau, sai in tattaro bayansa in naɗe, in ɗora a kan sirdi in zauna a kai. Muddin ina zaune, ba abin da zai sauka kusa da taya. In na hango babba sai in ja birki tun daga nesa, in sauka, in durƙusa in gaishe shi, in sake naɗewa in hau. Wata safiyar sauka da hawan sun fi tafiyar yawa, amma ban taɓa ƙyale kowa ba.

Lokacin kaka ne abin ya faru, lokacin da mutanenmu suke shanya masara a gefen kwalta, a jera duwatsu a bakinta don kada mota ta hau. Akwai wani gangare mai kwana a hanyar dawowata, nan ne na fi so a duk tafiyar, don ba na taka feda, keken ne yake kai kansa. Ranar na sake shi sosai. Ina shan kwanar sai ga Baffa zaune a gindin ɗorawa, dab da titi, yana ɗinke bakin buhu, masararsa shimfiɗe a gabansa.

Ban san ya koma shanya a nan ba. Ya ɗago kai, muka haɗa ido.

Na san in na matse birki a kan ƙwayoyin masarar da suka watsu a titi, tayar za ta zame. Na kuma san in na wuce shi a zaune, yau keken zai bar gidanmu. Ban yi wani dogon tunani ba, jikina ne ya yi abin da ya saba. Na miƙe daga kan sirdi, na tsaya a kan feda, na rusunar da kai da kafaɗa, na ce, “Baffa, ina kwa…”

Da na miƙe, naɗin ya warware.

Ƙara na fara ji, fat-fat-fat, kamar tsumma a cikin fanka. Sai wani abu ya fizge kaina baya da ƙarfin da ban taɓa ji ba. Wayoyin tayar baya sun kama gefen hijabin sun yi ta naɗe shi. Bakin hijabin ya zame daga haɓata ya shaƙe mini wuya. Na ga sama, na ga ganyen ɗorawa, tayar ta ƙame, muka zube ni da keken a kan masara muna jan ƙasa.

Faɗuwar ba ita ce take dawo mini ba. Abin da yake dawowa shi ne kwanciyar da na yi, kaina ɗaure a jikin taya, na buɗe baki iska ta ƙi shiga. Ina son in yi salati, ba murya. Na kai hannu wuyana, yadin ya nutse a cikin fata, ba inda farce zai shiga. Ƙafafuna suna kan kwalta, kuma ina jin ƙugin babbar mota tana gangarowa ta bayan kwanar. Na yi ta harbe-harbe, duk harbin da na yi sai abin ya ƙara matsewa.

Sai na ji gwiwar Baffa a kan kafaɗata ya danne ni. “Kar ki ja. Ke, kar ki ja na ce.” Da wuƙar da yake yanka igiyar buhu ya yanke hijabin ta bayan wuyana. Ya kama ni ta hammata ya ja ni cikin masara, motar ta wuce tana hon, iskarta ta watsa mana ƙwayoyi a fuska.

Na daɗe ina tari kamar zan amayar da hanjina. Kaina a buɗe, kitsona a waje, a bakin titi. Baffa ya kawar da fuska, ya zare rawanin da ke wuyansa ya miƙo mini ta baya.

Da numfashina ya ɗan daidaita ya ce, “Me ya tashe ki daga kan sirdin?”

Da ƙyar maganar ta fito. “Gaishe ka zan yi, Baffa.”

Ya zauna a kan buhu yana kallon wuƙar. Daga baya ya bar masararsa a nan ba mai tsaro, ya saɓa keken a kafaɗa, tsumman hijabin yana reto a tayar, ya sa ni a gaba har gida.

A asibiti suka ce Allah ya tsare, ba abin da ya karye. Wani baƙin layi ya zagaye mini wuya, na yi kwanaki kunu kawai nake iya haɗiya. Layin ya dushe yanzu. Abin da bai tafi ba shi ne in na ji ƙarar fanka ko keken ɗinkin maƙwabta, sai numfashina ya tsaya.

Baba ya ce a sayar da keken. Yayana ya zo ya roƙe shi, ya kai keken wurin mai walda aka ƙera masa wani ƙarfe mai ƙafafu da yake ɗage tayar baya daga ƙasa. Ya kafa shi a tsakar gida kusa da rumbu, ya ce in riƙa tuƙawa a nan, ba hijabi, ba titi, ba mota. Ya ce a birni ma har sayen irinsa ake yi. Inna ta zagaya shi tana riƙe da haɓa.

“To da ka haɗa mata shi da injin markaɗe mana, ko gumin nata ya yi mana amfani.”

Nakan hau. Muddin tayar tana juyawa a hankali lafiya lau. Da ta yi gudu ta fara wannan shuuu ɗin, sai in ji wuyana yana ƙanƙancewa, in sauka in tsuguna a gindin rumbu har ya wuce.

A haka Baffa ya same ni wata safiya. Ya yi sallama, na rarumi mayafi zan durƙusa, ya ɗaga mini hannu. Na ɗauka keken ya zo ɗauka. Ya tsaya ya dubi ƙarfen, ya girgiza shi ya ji ƙwarinsa. Sai ya ciro ƙararrawar keke sabuwa daga aljihu, ya ɗaura ta da kansa a kan keken, ya buga ya ji ƙararta.

“In kin fita kin gan ni a hanya, wannan za ki buga. Na ji, na amsa. Na faɗa wa dattawan masallaci ma haka.” Ya juya wajen Baba da ya fito daga ɗaki. “Hijabin hawa kuma a ɗinka mata iya gwiwa. Wanda yake da magana ya zo ya same ni.”

Baba ya ce, “To, Yaya.”

An ɗinka hijabin, yana rataye a ƙusa a ɗakina. Jiya Yayana ya sauke keken daga kan ƙarfen. Na tura shi har zaure, na leƙa, na ga kwalta can tana sheƙi, an shanya barkono a gefenta. Na buga ƙararrawar sau ɗaya a cikin zauren. Sai na lura ɗaya hannun nawa yana wuyana, ban san lokacin da ya je ba. Na juya da keken na jingine shi a jikin rumbu. Ban mayar da shi kan ƙarfen ba.