Lai'atu Mai Gwangwanin Wake

Ƙarfe bakwai da rabi ba ta taɓa yi wa Lai'atu a hanya ba. Duk wanda ya yi aiki a ƙaramin ofishin aikin gona da ke Dutsin-Ma a ƙarshen shekarun tamanin zai shaida haka. Kafin masinja ya gama shara ta iso, ta jingine kekenta a gindin darbejiya, ta yaye zanen da take lulluɓe kwamfuta da shi, ta ninke. Sai ta buɗe jaka ta fito da gwangwanin madara cike da wake, ta ajiye a hannun dama. Baƙo in ya gani sai ya ɗauka girkin rana za a ɗora. Waken nan kuwa kayan aiki ne, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Daga kudancin Zariya ta zo a 1975, tana amarya, da takardar shaidar buga tafireta. Mijinta Abraham tela ne a bakin kasuwa. A nan suka haifi 'ya'yansu duka, har sunanta ya ɓace a unguwa, kowa sai dai Maman Dina. Yayata Rekiya, mutuniyar Kurfi, ita ke riƙe da littafin awon ruwan sama a ofishin, teburinsu na kallon juna. Yawancin abin da zan faɗa daga bakinta na ji, kuma Rekiya ba ta iya ƙarin gishiri ba ko a miya.

A 1984 aka kawo kwamfuta. Shugaban ofishin, Malam Tukur, wanda ya yi karatu a Zariya, shi ya rubuta mata jerin umarnin da za ta bi, abin da yanzu ake kira manhaja. Aikinta ɗaya ne. A ba ta yawan ruwan da ya sauka a kowane ƙauye da irin ƙasarsa, jigawa ce ko laka ko fadama, ita kuma ta fitar da jerin irin shukar da za a kai wa kowa kafin damina. Malam Tukur ya rubuta da hannu, Lai'atu ta buga. Shekarar farko abin ya tafi sumul.

Daga nan aka shiga faci. Malamin gona ya zo ya ce ƙasar ƙauyen Kuki daban take, a ƙara mata sharaɗi. Wani ya ce Ɗantutture ma haka. Malam Tukur ya tsaya a tsaye, ƙafa ɗaya a mota, ya rubuta a bayan ambulan: idan kaza ne, tsallaka zuwa layi kaza. Cikin shekara uku manhajar ta kai layi ɗari tara, ta sarƙe kamar zaren da kaji suka shiga. Mai rubutun kansa in ya duba sai ya cire hula ya sosa ƙeya. Lai'atu kaɗai ta san lungunanta, don kowane faci ta yatsunta ya bi.

A watan Oktoban 1987 wani dattijo mai suna Alu ya zo daga Barkiya. Bai nemi shugaba ba. Ya tsaya gaban teburin Lai'atu, don an ce masa daga nan takardar iri take fitowa, ya ajiye zangarniyar dawa wadda ba ƙwaya ko ɗaya a jikinta. Gero mai saurin nuna ya kamata a kai musu, sai aka kai dawa mai daɗewa, ruwa kuma ya ɗauke da wuri.

“Malama, ban zo hwaɗa ba,” in ji shi. “Na kawo maki ne ki gani da idonki. Wanga shi ne abincin gidana na bana.”

Ta ce, “Na gani, Baba.” Kunya da baƙin ciki suka hana ta cin abinci ranar.

A daidai lokacin kuma ga wata damuwar. An ƙirƙiro Jihar Katsina daga cikin Kaduna, ana ta maganar cewa ma'aikatan da suka fito daga wancan ɓangaren za su koma. Lai'atu ba ta son tafiya. Shagon mijinta a nan yake, makarantar yara a nan, maƙwabtan da suka yi mata wankan jego a nan. Da ta gaya wa Abraham tana so ta warware manhajar yadda kowa zai iya karantawa, sai ya tsayar da keken ɗinki ya dube ta.

“Maman Dina, ki bar abin nan yadda yake. Muddin ke kaɗai kika san kansa, ba mai ɗaga ki daga garin nan.”

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Ta yi kwana uku tana juya maganar. A na huɗu ta ce masa, “Baban Dina, in na bar shi a cukurkuɗe don in tsira da kujera, zangarniyar baɗi a wuyana take.” Bai ji daɗi ba, amma bai hana ta ba. Shi ne ma ya wanke mata gwangwanin.

Malam Tukur ya riga ya yanke cewa kuskuren yana cikin sashen lissafin ruwa, don shi ya fi tsawo, layi ɗari uku. Lai'atu ba ta yi musu da shi ba, ba halinta ba ne. Ta dai roƙi a ba ta wuni ɗaya. Ta buga manhajar duka a doguwar takardar nan mai huji a gefe, ta shimfiɗa ta a ƙasa daga ƙofa har bango, ta durƙusa. Tun tana bugawa ta lura ba tsawon rubutu ke sa ta kuskure ba, yawan mararraba ne, wato duk inda hanya ta rabu biyu. Saboda haka duk inda ta ga “idan”, ta aza ƙwayar wake. Inda aka ce a tsallaka, ƙwaya. Inda aka ce a koma a maimaita, ƙwaya.

Da azahar ta kira Malam Tukur. Dogon sashen da yake zargi, wake shida ne kacal a kansa. Can kusa da bango kuwa ga wani ɗan guntu, layi arba'in, mai zaɓar iri, ya sha wake talatin da ɗaya har rubutun ba ya ganuwa. Ta kuma buɗe wani littafi da take rubuta duk gyaran da aka taɓa yi, ta nuna masa cewa kusan duk matsalar shekara uku daga wuraren da wake ya taru ta fito.

Rekiya ta ce kowa a ɗakin ya san guntun nan Malam Tukur ya fi alfahari da shi. Ya tsuguna ya ƙirga da kansa, sau biyu. Sai ya fashe da dariya ya ce wannan ai ya isa a yi ƙosai. Ya ce a Zariya ya taɓa ganin irin wannan ƙidaya a wani littafi, da zane-zane da lissafi, amma bai taɓa zaton za ta zo masa cikin gwangwanin madara ba. Allah ya saka wa Malam Tukur. Da wani shugaban ne, da tun ranar ya tsane ta.

Suka kafa doka: kada wani sashe ya wuce wake goma. Wanda ya wuce, a yanka shi gida-gida, kowane gida da aikinsa ɗaya. Amma Lai'atu ba ta tsaya nan ba, don abu yana iya zama gajere kuma ya ƙi karantuwa. Sai ta zo da awo na biyu. Ta ba Rekiya takarda ta karanta a bayyane, ta faɗi abin da kowane layi yake yi. Duk inda Rekiya ta koma baya, ko ta ce “wanga kuma mene ne?”, sai Lai'atu ta ajiye ƙwayar gyaɗa. Inda gyaɗa ta taru, nan ake sake rubutu. A haka sunaye irin su harafi da lamba, waɗanda ba mai tuna ma'anarsu, suka koma RUWA da JIGAWA da GERO. Matsalar awon gyaɗa ɗaya ce, in Malam Tukur ya shigo yana magana sai ya riƙa tsinta yana ci, sai an sake ƙidaya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne haƙurinta. Ba ta yarda a gyara kuskure da warware sarƙa a lokaci guda ba. Duk sashen da suka yanka, sai ta sake ba na'urar alƙaluman bara, ta aza sabon jeri kusa da tsohon, ta bi layi-layi da rula. Dole su zo daidai, har da kuskuren Barkiya a ciki. In sun saɓa ko da buhu ɗaya, to an taɓa abin da ba a yi niyya ba, a koma. Rekiya ta sha yin mita, ta ce ana wahala ana samun amsar jiya. Sai a wata na huɗu, da guntun nan ya zama gida biyar, kuskuren ya fito fili. Wani faci ne da aka yi domin ƙauyukan fadama, ya ja Barkiya ya jefa cikinsu. Rekiya ce ma ta gano shi tana cikin karatu, ta buga tebur har gyaɗa ta watse.

A watan Afrilun 1988, daidai lokacin fitar da jerin iri, aka kira Lai'atu Kaduna domin tantance ma'aikata. Sati shida ta yi ana yau ana gobe. Ta dawo cikin fargaba, ta tarar jeri ya fita a kan lokaci, motoci sun kai iri, Barkiya ta sami geronta. Ba wanda ya neme ta ko sau ɗaya. Ta yi murna ƙwarai, kuma a ƙarƙashin murnar ta ji zafi, don ta ga da hannunta ta nuna wa duniya ana iya yi ba ita.

Sai ta lura da takarda a kan teburinta, da wake a jere a kai. Wani sabon sashe ne da ita kanta ta rubuta cikin gaggawa kafin tafiya. Da yake nata ne, kuma ta fahimce shi sarai, ba ta auna shi ba.

Rekiya ta sunkuyar da kai ta ce, “Yaya Lai'atu, sha biyu na samu. Na raba shi biyu. Ki yi mani haƙuri.”

Lai'atu ta ƙirga. Sha biyu cif. Ta zauna ta yi ta dariya har hawaye, ta rungume Rekiya, ta ce tun da ta fara aiki ba a taɓa yi mata kyauta irin wannan ba. Suna cikin haka Malam Tukur ya shigo da takarda. Ashe tun tana Kaduna ya rubuta ya nemi a bar ta, kuma an amince. Dalilin da ya bayar shi ne wasu ofisoshi uku masu irin wannan na'ura sun ji labari, suna roƙon a ara musu ita da gwangwaninta. Abraham da ya ji, ya ce shi dai daga yau ya daina ba da shawara a harkar kwamfuta.

Da kaka ta yi, Alu ya dawo daga Barkiya da damin gero a bayan keke da tiya biyu ta wake. Ya ce geron na gida ne, waken kuma na ofis, tunda an ce da shi take aiki.

Ke ce, Maman Dina, kika riƙe mabuɗin da ba mai irinsa, kika kai wa maƙeri ya ƙera wa kowa nasa. Ke ce kika auna aikin shugabanki ba ki kunyata shi ba, aka auna naki ba ki ɓata rai ba. Ba a taɓa kiran sunanki a rediyo ba, manoman da suka ci geron nan da yawa ba su san da ke ba. Mu da muka sani muna godiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ku kuma matasan da ke rubuta manhaja a yau, na ji kuna da na'urorin da ke yi muku wannan ƙidaya cikin ƙiftawar ido. Ku yi amfani da su, ku fara da aikinku kafin na wani, ku rubuta yadda wanda zai gaje ku ba zai zage ku ba.

Tana nan da ranta a Dutsin-Ma, ta tsufa, ido ya yi rauni, amma kunne garau. Da na gama wannan rubutu na kai mata, na zauna a tabarma na karanta mata. Ban ankara ba ashe ta jawo farantin gyaɗa kusa. Da na kai ƙarshe ta tura mini ƙwaya huɗu, ta ce wurare huɗu ne ta so in koma baya. Na gyara uku. Na huɗun shi ne inda na yabe ta, ta ce ba ta gane wa ake nufi ba. Wannan na bar shi yadda yake.