Matashin Akushi

Ni tela ne, ko in ce ni ne telan garinmu, don babu wani. Lakol ɗin boko da aka kai ni Cadawa ban daɗe ba malam ya gane kaina ya fi dacewa da ɗaukar tulu, ya sallame ni da alheri. Allah bai hana ni duka ba, ya ba ni ido. In aka kawo mini babbar riga, sai in shimfiɗa ta, in ɗauki gawayi in zana aikin wuya daga kaina, kuma ban taɓa yi wa mutum biyu iri ɗaya ba. Da wannan nake taƙama, har da ɗaga hanci.

Ƙofar shagona akwai itacen bedi, nan muke ciyayya. Bayan la'asar kowane magidanci a fito masa da akushinsa, mu haɗa, mu ci, mu yi ta ƙarya. Liman yana ciki, da sarkin fawa, da maƙeri, da wani Bagobiri mai sayar da gishiri wanda aikinsa kawai zagin Katsinawa. Ban san cikin wannan surutu nake tsintar zanena ba sai da surutun ya ƙare.

Shekarar da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, ciyayya ce ta fara mutuwa. Mutum ya ji kunyar fitowa da akushin da babu komai sai tafasa da gishiri, sai ya ce zazzaɓi yake yi. Zazzaɓin nan ya zaga kowa. Daga nan aka fara tafiya kudu. Sarkin fawa ya tafi, don babu mai sayen nama ko da dabbobi na faɗuwa a banza. Maƙeri ya bi shi. Uwargidana ta kwashe ɗiyanmu zuwa wajen 'yan'uwanta can ƙasar Katsina, ni na ce zan tsare keken ɗinki, kamar akwai ɓarawon da ke da ƙarfin ɗaukarsa.

Ana nan wani alhaji daga Agiye ya aiko mini shadda, ya ce in yi mata aikin da ba a taɓa gani ba. Na shimfiɗa, na ɗauki gawayi, shiru. Na sa hannu ya yi zagaye ɗaya, ya fito kamar sawun jaki. Na goge. Gobe haka, jibi haka. Kan ya bushe kamar rijiyar bayan gari. Na ninke shaddar na sa ƙarƙashin tabarma don ta daina kallona.

Kowane tela yana da buhun ƙyalle, abin da almakashi ya bari na kayan mutane. Rashin aikin yi ya sa na zazzage nawa. Sai ga garin nan duka a gabana. Ga farin yadin liman, ga baƙin maƙeri da wuta ta ɗan lasa, ga atamfar mai fura, ga guntun zanen da na yi wa uwargida sallar bara waccan. Na fara haɗa su ba da wata niyya ba. In jera ƙyallaye, in sa tsohon buhun algarara a tsakiya, in rufe bayan da wani tsumma, in bi da keke layi-layi har ya yi kauri. Faɗinsa bai wuce inda akushi zai zauna ba. Ban san sunan abin ba, na ce masa matashin akushi.

Shaƙiyancina bai mutu da yunwa ba. Liman da mai fura sun shekara ba sa gaisawa saboda wata akuya, na ɗinke su gefe da gefe, ɗinki biyu, yadda ba mai raba su. Bagobiri na kewaye shi da Katsinawa ta ko'ina. Na yi dariya ni kaɗai, dariyar ta dawo mini daga bangon shago, ban ji daɗinta ba.

La'asar ta yi, sai in fito da matasan akushin ƙarƙashin bedi, in ajiye na kowa inda ya saba zama. In sa ɗan tuwon jar dawar taimako da motar kamiyo ke kawowa bisa nawa. Tuwon da za ka ci kai kaɗai ba ya wucewa a wuya, ko kana jin yunwa.

Akwai wani dattijon Bahillace da ya saba kawo mana nono da mai. Shanunsa sun ƙare kaf, iyalinsa sun bi dangi, shi ya rage da sandarsa. Kullum sai ya zo ya zauna gindin wani kututture nesa da ni, yana kallon hanya.

"Baffa, bismilla."

"Alhamdu lillahi, Kaɗo, na ƙoshi."

"Da mi ka ƙoshi, da iska?"

"Iskar ma ta fi tuwonka kyan gani."

Wuyansa ya koma kamar na zalɓe, amma ya ƙoshi. Na yi roƙo, na yi zolaya, har na ce masa likita ya hana ni ci ni ɗaya. Ya ce to in nemi likitan mu ci tare. Ni kuwa Allah ya sani ba tausayinsa kaɗai nake ji ba, nawa ya fi yawa.

Wata rana iska ta ɗauki matashi ɗaya ta kai shi gabansa. Ya sa sanda ya danne, ya ɗauka, ya daɗe yana juya shi. Baƙi ne da fari, da ɗan ja a gefe guda.

"Tela, wa ya gaya maka kamar naggena?"

"Wace nagge? Ina saniya a nan? Wandon maƙeri ne wannan da rigar liman."

"Ƙarya kake. Ga farin goshinta, ga jan da ke kafaɗarta."

Ya taso da kansa ya zo ƙarƙashin bedi, ya durƙusa yana duba sauran. Wannan ta yi kama da wadda ta faɗi a hanyar rijiya. Waccan uwarta ce, mai harbi, ba mai tatsarta sai shi. Ya yi ta jera su, da uwayensu da kakanninsu da inda kowace ta kwanta ba ta tashi ba. Na dai tura akushi a hankali bisa baƙar naggen, tsakanina da shi. Yana cikin labarin wani bijimi hannunsa ya shiga tuwo. Sai da ya kai loma ta kusa da ƙarshe ya tsaya ya dube ni.

"Kaɗo, ka cuce ni."

"Saniyarka ce ta kawo maka, ni ina ruwana."

Daga ranar muka koma ci tare. Ba ya cewa ya zo cin abinci, cewa yake ya zo duba garke. Cikin kwanakin nan na zaro shaddar alhaji, na zana mata ƙahoni masu lanƙwasa suna shiga juna, irin waɗanda yake zanawa da sanda a ƙasa in yana labari. Ba shi ne mafi kyan aikina ba, amma ya fi sawun jaki.

Bai kai damina a garin ba. Ɗansa ya aiko ya samo masa gadi a wani gida a Maraɗi. Da safe ya tsaya ƙofar shago da ɗan ƙunshinsa, ya ce shi bai saba tafiya ba dabba ko ɗaya a gabansa ba. Na miƙa masa baƙar mai farin goshi, ya cusa ta cikin riga, ya saɓa sanda.

Da la'asar na fito da sauran na jera kamar kullum. Wurinsa na bar shi ƙasa tsirara, don ban da ƙyallen rigarsa, bai taɓa kawo mini ɗinki ba.