Marin Sale a Layin Doguwa

Har yau ban manta da ranar kasuwar da Sale ya mari Ɗanjuma a tasharmu ta Tudun Wada ba. Ƙarshen bazara ne, ruwa bai sauka ba. Ni ɗan kamasho ne a layin Doguwa. Ni nake kiran fasinja, ni nake faɗin motar da za ta yi lodi.

Dokar layinmu tsohuwa ce. Direba zai tsaya jikin motarsa har layi ya zo kansa. In ya gusa, ko ruwa ya je sha, na bayansa ya wuce. Lokacin da aka kafa ta, akwai ƙatuwar ceɗiya da inuwarta ke rufe layin. Aka sare ceɗiyar aka gina shaguna, doka kuwa ba a taɓa ta ba.

Ranar, Sale ya kai awa uku a tsakar rana. Ya je ya watsa ruwa a ka, ya dawo ya tarar Ɗanjuma, direban da ke bayansa, ya fara zuba fasinja. Sale da ko akuya ba ya yi wa tsawa, sai ga shi ya ɗauke mutum da mari. Ciyaman ɗin direbobi ya ce a kori Sale daga tasha. 'Ya'yansa shida, motar ma ba tasa ba ce.

Na bari sai bayan la'asar da iska ta fara motsi, sannan na sami Ciyaman.

"Ranka ya daɗe, faɗa nawa muka raba da damina?"

"Kai Malam Isa, ina zan tuna?"

"Ba za ka tuna ba, don ba a yi ba. Tun da zafi ya shigo kuwa, kullum tsakanin azahar da la'asar sai wani ya cire riga."

"To rana ce ta yi marin?"

"Hannun Sale ne, a hukunta shi. Amma in ka kore shi, gobe wani zai yi. Inuwa ce babu."

Ya ce in ba a tsaya jikin mota ba, yaya za a san na gaba? Na ce a ba ni sati guda.

Na roƙi malaminmu na yaƙi da jahilci tsohon allo da alli. Muka kafa rumfar zana, muka ajiye randa. Duk direban da ya iso sai in rubuta sunansa a allon, ya je ya zauna a inuwa. Ɗanjuma ya ce rubutuna sawun kaza ne. Na ce, "Sawun kazar ne zai ba ka lodi."

Satin ya ƙare ba a cire riga ba. Aka dakatar da Sale mako biyu, ya ba Ɗanjuma haƙuri gaban kowa.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, kafin ku ce halin mutum ya lalace, ku duba inda aka tsayar da shi. Sale yana nan a layin. Shi ke cika randar kowace safiya, ba wanda ya sa shi.