Talabijin ɗin Kayan Ɗakin Matata

Laifina ne tun daga farko har ƙarshe. Gara in faɗa yanzu, kafin wani ya fara tausaya mini.

Shekarun baya, wata biyu da aurena, muna zaune a wani ɗan gida a unguwar Gesse. Cikin kayan ɗakin matata akwai talabijin na bango, babba, sabo fil. Yayanta ne ya saya mata. Manomin shinkafa ne a Argungu, shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinsu, kuma a shagon amininsa na tun firamare ya ɗauko shi. Duk macen da ta zo ganin ɗaki sai ta tsaya gabansa ta yi masha Allah.

Ni kuwa dukiyar da na shigo da ita gidan ita ce tsohuwar na'urar gem ɗina, wadda nake buga ƙwallo da ita tun ina sakandare a talabijin mai ƙusumbi. Na jona ta da sabon. Hoto ya fito, amma ya ɓata mini rai. In ɗan wasa yana tsaye, lafiya lau. Da ya ruga da ƙwallo sai gefen jikinsa ya tsattsage kamar haƙoran mataji, rubutu kuma yana ta rawa.

Na shiga bincike a waya har na samu bidiyon wani mutum. Ya ce tsohuwar na'ura rabi-rabi take turo hoto: ta zana layi ɗaya ta tsallake ɗaya, sannan ta dawo ta cike gurbin. Tsohon talabijin ya saba da hakan, sabon ne bai iya haɗawa da kyau ba. Magani shi ne a sa wata manhaja a katin ajiyar gem, a tilasta wa na'urar ta riƙa turo cikakken hoto lokaci guda. Wai shi furogiresif. Bidiyon dogo ne, ni kuma ina tattalin data, sai na tsallake farkonsa na tafi kai tsaye wurin danne-danne. Ku riƙe wannan.

Kwana uku ina fama. Ranar da na gama, na gyara zama, na kunna. Allo ya yi baƙi ƙirin. Sauti kuwa yana fita tangaran. Da yake na haddace maɓallan, har wasa na fara a makance, ina jin mai sharhi yana ihu an zura mini ƙwallo, ban ga ko ciyawa ba. Na kashe na kunna ya fi sau ashirin. Na hure bakin wayar da ke haɗa na'urar da talabijin. Na bubbuga na'urar. Gumi ya jiƙa mini riga.

Matata ta leƙo, gwaggonta da ta zo daga Argungu tana zaune kan tabarma tana cin goro.

"Malam, ai yana nuna tashoshi lafiya lau," in ji matata. "Ko gem ɗin ne?"

"Ke me kika sani? Talabijin na gaske dole ya ɗauki furogiresif. Wannan jabu ne, suna kawai aka manna masa. Ko an cuci yayanki, ko shi ne ya nemi mai araha."

Gwaggo ta daina tauna. Matata ta juya ta koma kicin. Ni kuwa na ci gaba da hura waya, ban ma san na yi wa kayan ɗaki gori a gaban dangin amarya ba.

Kafin Juma'a magana ta zagaye gidansu. Yayan bai kira ni ba. Shagon amininsa ya nufa, a gaban masu ciniki ya ce masa ya ci amanarsa, ya ba shi jabu ya kai wa ƙanwarsa, ya sa miji yana yi musu dariya. Suka yi kaca-kaca. Mutanen da ke cin abinci kwano ɗaya suka daina gaisawa. Daga ƙarshe mai shagon ya aiko: a kawo talabijin, a kawo na'urar, a kawo mai na'urar.

Ni da matata muka ɗauki shatar mota har Argungu, ina rungume da talabijin a kujerar baya, ina tsara jawabin da zan yi. A shagon muka tarar da yayan matata yana jira. Mai shagon bai ko dube ni ba. Wayar da nake jonawa ya ɗaga, mai kai uku, rawaya da fari da ja.

"Da wagga waya kaka son cikakken hoto?"

"Da ita nake aiki shekara da shekaru," na ce.

"Awo. Shi ya sa." Ya jawo wata daga cikin kwali, mai kai biyar, har da kore da shuɗi. "Mai rawaya ba ta iya ɗaukar abin da kat tilasta ma na'urar. Ko a talabijin ɗin gwamna ka jona ta, baƙi za ka gani."

Ya jona. Fili ya fito kore shar, 'yan wasa suna gudu sumul, babu mataji ko ɗaya. Abin da na yi kwana uku ina nema ke nan, kuma ban taɓa ƙin ganin abu kamarsa ba. Yayan matata ya sunkuyar da kai. Shi da bai yi komai ba, shi ya ji kunya.

Kun san abin da na ce? "To, da ma na yi zargin waya ce." Wallahi haka na ce. Na sayi wayar, muka dawo. A mota na buɗe bidiyon daga farko. Maganar mutumin ta farko ita ce kada kowa ya gwada sai da waya mai kai biyar.

Kusan wata guda ina buga ƙwallona da hoto mai kyau, ina gaya wa kaina magana ta wuce. Amma matata ta daina kallon talabijin ɗin. In na fita sai ta rufe shi da mayafi. Wata rana na tambaye ta dalili, ta ce, "Yaya har yau bai iya bi ta ƙofar shagon nan ba. Zagayawa yake yi." Na ajiye abin bugawar.

Har yanzu in na tuna, haushin kaina nake ji. Ba na iya buɗe baki in ce "ban sani ba", shi ne ciwona. In abu ya gagare ni sai in nemi wanda ba ya kusa in ɗora masa.

Na fara ba ta haƙuri, ta ce ba ita aka kunyata a kasuwa ba. Washegari na tafi Argungu, na samu yayan a fadama ana yankan shinkafa, na roƙe shi ya raka ni shagon. Da ƙyar ya yarda. Na jira sai da masu ciniki suka taru, kamar ranar da aka yi faɗan, sannan na cire hulata na durƙusa.

"Yaya, talabijin ɗinka na gaske ne, kuma ba mai araha ka nema ba. Alhaji mai shago, ba ka cuci kowa ba. Ni ne ban san abin da nake yi ba, na tsallake karatu na zo ina koyar da mutane. Na zubar muku da mutunci a wurin nan, shi ya sa na zo nan ɗin. Don Allah ku yafe mini, ku gaisa."